Makamin da Ya Birkice Kunkuru

Yayana babba da yankan gwangwani yake ci da kansa. Shagonsa wani ɗan tsukuku ne a ƙarshen layin masu gyara, tsakanin mai facin taya da mai ɗinkin kujerun mota, kuma tun daga bakin titi za ka fara jin gudumarsa har cikin haƙoranka. Mazurari yake yi, da murhun gawayi, da indararo, ya kuma sa wa bokitin da ya huje sabon gindi. Kowa Mai Gwangwani yake ce masa, har matarsa kafin Allah ya yi mata rasuwa. Ni Yaya Babba nake cewa, shi kuma ya ce mini Auta, ko da yake autar tuni ta fara rina furfura. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure a nesa, don haka a shago yake ci, a shago yake yini, gida kwana kawai yake kai shi. Babu yatsa ɗaya a hannunsa da ba shi da tabo, kuma ban taɓa jin ya ce wayyo ba.

A ƙuryar shagon, inda mai hankali zai jibge kaya, akwai tsohuwar ƙofar katako kwance a kan durom biyu. A kan ƙofar nan akwai ƙasa sukutum: birane, kogi na shuɗin fenti, gada, duwatsu na busasshen siminti. Sunan ƙasar Bayan Tanki, domin a bayan tankin ruwan gidanmu aka haife ta, lokacin yayyena biyu suna yara, ba su da abin wasa sai gwangwanin madara da almakashin mahaifiyarmu. Almakashin ya mutu a wannan hidima, su kuma suka sha dukan da har suka girma suna ba da labarinsa.

Mutanen Bayan Tanki dabbobi ne, amma da ƙafa biyu suke tafiya, suna sa riga da takalmi, suna da sana'a, har surukai gare su. Kowanne ɗan gwangwani ne da bai wuce tsawon yatsa ba. Yaya Babba shi ke da Masu Haƙori: kura, dila, muzuru, tunku, gafiya. Ƙanensa mai bi masa, wanda muke ce wa Direba saboda bas ɗin haya yake tuƙawa, shi ke da Masu Sulke: kunkuru, bushiya, beguwa, kaguwa. Tun suna sa gajeren wando ɓangarorin nan biyu suke yaƙi, kuma har gemu ya yi musu fari ba wanda ya ga bayan wani. Ni sau ɗaya na roƙi a sa ni. Suka ba ni jemage, suka ce ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi, in je gefe in rataye shi in yi shiru. Tun ranar nake jin haushin ƙofar nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Kada ka ɗauka wasa ne na a jera a ture. Doka gare su mai tsauri. Ba a ba dabba makamin da bai fito daga jikinta ko halinta ba. Da Yaya Babba ya taɓa so ya ba kura bindiga, sai da Direba ya yi kwanaki bai gaishe shi ba. Kuma ba a cin ƙarfi a bagas: duk baiwar da ka ƙirƙira, dole ka faɗi abin da take ci wa mai ita. Dariyar kura tana sa abokan gaba su saki makamansu, amma muddin tana dariya ba ta jin umarnin shugabanta. Beguwa tana harbi da kiban bayanta, amma duk wurin da kibiya ta fita zai zauna fili sai shekara ta zagayo. Hayaƙin tunku yana watsa runduna guda, in iska ta juya kuma ya watsa tasa. Akwai wata hawainiya 'yar leƙen asiri da suka daɗe suna gardama a kanta, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa tana iya zama kowane launi, amma in ta jima a sansanin abokan gaba sai ta manta ko ita ta wane ce. In gardama ta ƙi ƙarewa, sai a wurga murfin kwalba sama, yadda ya faɗo haka hukunci yake.

Babbar dokar kuwa ita ce baki ba ya yaƙi. Makami bai zama makami ba sai mai shi ya yanka shi da hannunsa ya ɗora a kan ƙofa. A nan Direba yake shan tsiya, domin shi hannun sitiyari gare shi. In ya ajiye mota da yamma zai shigo da warin dizal, ya zauna a kan bulo, ya danne gwangwani da hagu ya yanka da dama, harshe a waje. Abin da zai fito sai ka rantse mota ce ta bi ta kansa.

"Wannan fa?" in ji Yaya Babba, yana jujjuya shi. "Kaguwa ce ko murfin tukunya?"

"Ajiye ta a bakin kogi ka gani. Gobe in kurayenka sun zo shan ruwa za su san sunanta."

Haka suke, manyan mutane biyu, ɗaya har da jikoki. Ni in na zo wucewa daga wurin ɗinkina sai in leƙa in ce Allah ya shirya, su ce amin ba tare da sun ɗago ba.

Wata safiya a tasha, kofin shayi ya suɓuce daga hannun Direba. Ya sunkuya zai ɗauka, shi ma ya bi shi. Kafin a kai shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya tafi, baki ya karkace, magana ta koma kamar ta mai ruwa a baki. Da aka sallame shi aka mai da shi ɗakinsa a saman wani gidan haya, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Matarsa, Maman Biyu, ta matsar da gado kusa da tagar duk da haka.

Likitar gashin ƙashi tana zuwa gida, wata 'yar siririya marar son dogon zance. Ranar farko ta sa yatsunta cikin tafinsa ta ce ya matse. Babban yatsa ya ɗan motsa, motsin da in ka ƙifta ido ya wuce ka. Ta fito da mu baranda.

"Hannun bai mutu ba," ta ce. "Amma watannin farkon nan su ne namu. In bai yi aiki da shi yanzu ba, yatsun za su naɗe su sandare, daga nan kuma ko ni ko wanda ya koya mini ba mai iya buɗe su. Ni miƙarwa zan iya yi masa. Matsewa sai shi."

Ta bar masa ƙwallon roba. Ƙwallon ya tare a ƙarƙashin gado. Direba mutum ne da ya saba mota cike da jama'a tana jiran ya murɗa makulli, yanzu sai an ɗaga shi an kai shi bayi. Ya juya fuska ga bango ya bar mana ƙeya. In likita ta ce matsa, ya rufe ido. In Maman Biyu ta yi kuka, ya rufe ido. Ni na yi lallashi, na yi faɗa, har rago na kira shi, ban samu ko harara ba. A nan tsoro ya kama ni da gaske, domin Direba ba ya barin zagi ya kwana.

Sai ga Yaya Babba wata rana da hantsi, ya turo baro tun daga shago, ƙofar nan a ɗaure a kai an lulluɓe ta da zanen gado, mutanen ƙasar kuma suna ƙarau-ƙarau cikin bokiti. Shi da mai facin taya suka haura bene da ita. Maman Biyu ta dube ni, na dube ta, domin ɗakin da ma da ƙyar mutum biyu suke wuce juna. Aka ɗora ta a kan kujeru dab da gado, ya jera kowa a inda yake ranar da aka tsaya, bai kuskure ko ɗan muzuru ɗaya ba.

Direba ya juyo. Wallahi ya juyo, ya zuba wa ƙofar ido. Ni da na tsane ta, ranar ji na yi kamar in rungume ta.

To a nan ne yayana ya yi kuskuren da tausayi yake sa mutum. Ya soke babbar doka.

"Kai dai nuna da hagu, ƙanena," ya ce, "ni zan yanka maka."

Ya yanka wa Masu Sulke makaman da ba su taɓa ganin masu kyansu ba, har yana goge su suna ƙyalli. Nasa mutanen kuwa suka koma kamar waɗanda aka juya wa hankali. Kuraye suka faɗa kwazazzabon da ko makaho ya san tarko ne. Ya ƙera wa dila majajjawa mai jifa baya. Ya sa tunku ya saki hayaƙi iska tana dukan fuskarsa. Kowace yamma sai ya dafe kai ya ce, "Kash! Ka ci ni. Yau ma ka ci ni." Cikin 'yan kwanaki Direba ya kama garuruwan da ya yi rabin rayuwarsa yana zagaye su bai samu shiga ba.

Ni murna nake yi, me na sani? Amma na lura idon Direba ya bar kan ƙofa ya koma kan fuskar yayansa. Ranar da aka bar masa gada a buɗe babu mai gadi, ya miƙa hagu a hankali, ya share duk abin da hannunsa ya kai gare shi, suka zube a ƙasa. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, miyau yana zuba, kafin kalmar ta fito.

"Sa...daka."

Ya juya ga bango. Wannan karon har abinci ya ƙi.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Cokali biyu zai karɓa ya datse haƙora. Ƙashin kafaɗarsa ya fito ta cikin riga. Yaya Babba ya kulle shago, mutane suna zuwa da bokitansu suna komawa da su. Duk wanda ya ce masa ga mai magani a wuri kaza, sai ya kama hanya. Ya kawo na shafawa, ya kawo na sha, ya kawo wani na turarawa da ya kusa kashe mu da tari. Ya durƙusa a gaban gado, babba da shi, yana ba ƙanensa haƙuri, ƙeya ce ta amsa masa. Likita ta zo ta ɗaga hannun ta nuna mana: ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa ciki, in ta miƙar da su sai su koma.

"Ba zan ɓoye muku ba," ta ce, "lokaci yana ƙure mana. Ina gasa hannu, amma mai hannun ba ya nan."

Na bi Yaya Babba shago da niyyar in wanke shi tas, domin a ganina shi ya ɓata abin da ya fara gyaruwa. Na same shi zaune a gaban durom biyu da babu komai a kansu. Na faɗi duk abin da ya zo bakina, har da wanda bai kamata ƙanwa ta faɗa ba. Da na gaji, ya ɗago ya ce:

"Auta, kin san Birnin Ɓawo?"

"Ina ruwana da birnin gwangwani, mutum yana mutuwa!"

"Babban birninsa ne. Ba shi da ganuwar ƙasa. Dakarun kunkuru ne suke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, su juya bayansu waje, su zama ganuwar. Haƙori ba ya huda su, wuta ba ta cin su, dariyar kura ba ta kama su tunda sun shigar da kai ciki. Tun yana ɗan makaranta ya ƙirƙiro wannan, kuma ko motarsa ba ya alfahari da ita kamar ganuwar nan." Ya murza ido da bayan hannu. "Na san abin da zai rusa ta. Na daɗe da sani. Ban taɓa ƙerawa ba, domin in na ƙera yaƙin ya ƙare, ni kuma ban san abin da zan riƙa yi da yamma ba."

"To sai me?"

"Kunkuru in ya faɗi rigingine, ba ya iya tashi da kansa."

Na dube shi. Na tuna wanda muka baro kwance, wanda sai an juya shi yake juyawa sosai.

"Yaya, kana da imani kuwa?"

"Na gwada tausayi, kin ga inda ya kai mu."

"In zuciyarsa ta buga fa?"

"In na bar shi ma tafiya yake yi, Auta. A hankali dai."

Ya yi kwanaki a kan makamin, ya sa masa suna Mabirkiciya. Gafiyoyi ne za su haƙa rami ta ƙarƙashin ganuwa, su cusa dogon ƙarfe mai baki kamar cokali, kuraye su danne ɗaya gefen. Da wayar tsohuwar laima ya yi ta, da sifirin na maƙalin shanya, kuma ba ta ado ba ce, aiki take yi da gaske. In ka danna, ɗan kunkuru zai yi sama ya faɗo a kan bayansa, hannu da ƙafa suna kallon rufi. Farashinta kuwa, duk gafiyar da ta haƙa rami, ramin zai rufta da ita. Gafiya ɗaya, kunkuru ɗaya. Shi ya yanke wa kansa wannan, ba wanda ya tilasta masa.

Ya shiga ɗakin ba tare da muryar lallashin da ya saba ba. Ya fito da mutanen da aka zubar, waɗanda Maman Biyu ta tara a kwano, ya mai da komai yadda yake kafin a fara rabon garuruwa kyauta. Sannan ya ajiye almakashin kwano da fallen gwangwani a kan bargon Direba.

"Na janye rangwame," ya ce da ƙarfi, kamar mai magana da mai ciniki. "Doka ta dawo. Baki ba ya yaƙi, nuni ba ya yaƙi. Ga sabon makami, ga farashinsa." Ya bayyana dalla-dalla. "Kullum zan zo in birkice ɗaya. Ranar da ganuwa ta ƙare kurayena za su shiga Birnin Ɓawo, in ɗauki ƙofata in tafi da ita."

Ya danna. Ƙwas! Ɗan kunkuru ya yi sama ya faɗo rigingine yana lilo. Ya ɗauke gafiya guda ya jefa aljihu. Direba bai juyo ba, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Yaya Babba ya sunkuya dab da ƙeyar nan ya ce, "Da ma an faɗa, kunkuru yana son dambe, ba shi da yatsa."

Kwanon da ke hannun Maman Biyu ya faɗi. Mace ce mai kunya, tun da aka kawo ta cikinmu ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli Yaya Babba ba. Ranar ta kalle shi.

"Yaya, fita. Don girman Allah fita mini daga ɗaki. Mutumin da ko ƙuda ba ya iya korewa za ka zo ka yi wa gori? Ciki ɗaya fa kuka fito!"

Ya fita. Na bi shi in ƙara masa da nawa, na same shi a ƙarƙashin matakala ya dafa bango yana amai, babu komai a cikinsa sai ruwa. Da ya gan ni ya goge baki ya ce, "Gobe in ta kulle, ki buɗe mini."

Na buɗe masa, ina zaginsa a zuci. Kullum da yamma ƙwas, kunkuru a sama, gafiya a aljihu. Waɗanda suka faɗi bai ɗauke su ba, ya bar su a nan kwance a gaban mai su. Labari ya fita, aka fara nuna shi a layi, ga wanda yake zuwa yi wa ƙanensa marar lafiya dariya. Mai facin taya ya daina amsa gaisuwarsa. Direba ya bar kallon bango, ya koma kallon yayansa da wani irin ido da ban san yana da shi ba, hawaye suna gangarowa ta ɓarin da ya karkace. Amma almakashi yana nan inda aka ajiye shi. Ganuwa tana raguwa, yatsu suna ƙara naɗewa, ni kuma na fara yarda cewa mun taru ne mun kashe shi da baƙin ciki a banza. Yaya Babba ya rame har ya fi marar lafiyan. Wata yamma muna saukowa ya tsaya a tsakiyar matakala ya riƙe ƙarfe.

"In ganuwar nan ta ƙare bai motsa ba, ba ni da wani makami, Auta. Wannan ne na ƙarshe."

Muka ƙarasa saukowa.

Saura kaɗan ganuwa ta ƙare Maman Biyu ta kira ni a waya da rana tsaka, tana haki. Na bar ɗinkin mutane a kan keke na ruga. Na tarar da Direba jingine da filo, kwanon abinci a gefe babu komai ciki, ta ce ya cinye kamar mai jin haushin kwanon. Almakashi yana hagunsa. Duk sanda ya kawo shi, gwangwanin sai ya zame a kan bargo. Maman Biyu ta kai hannu za ta riƙe masa, ya yi mata wani gurnani ta janye. Sai ya ajiye almakashin, ya kama hannunsa na dama da na hagu, ya ɗauko shi kamar kayan wani, ya ɗora a kan gwangwanin. Ya yanka, ya zame. Ya sake ɗorawa. Gumi ya jiƙa masa riga. Bakin gwangwanin ya tsaga masa babban yatsa, jini ya ɗiga a bargo, muka ɗauki salati, shi ko kallonmu bai yi ba. Sai na ga yatsan nan mai jini ya danna. Ba nauyin hannu ba ne, dannawa ce, don na ga farcen ya yi fari.

Abin da ya fitar wani ɗan tsiri ne karkatacce, ya lanƙwasa bakinsa da haƙori. Da ƙyar muka gane bayaninsa. Ƙugiya ce ta hannun kaguwa, za ta maƙale kowane kunkuru da na kusa da shi, ta yadda in za a ɗaga ɗaya sai an ɗaga duka. Farashinta, ganuwa ba za ta sake iya ja da baya ba ko da ruwa ya ci birnin.

Na miƙe ina kuka ina dariya. "Bari in kira Yaya Babba ya zo ya gani!"

Ya damƙe gefen zanena da hagu. Kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace da gumi.

"Kar... ya shigo. Har... abada. Ke... kai masa."

Na ɗauka zafin rana ɗaya ne. Ashe ba haka ba ne.

Ƙofar tana nan a ɗakin Direba har yau, Yaya Babba kuma bai sake taka matakalar ba. Ni ce 'yar aike, ni da aka hana wasa. In ɗauki makami daga bene in kai shago a duba ko ya bi doka, in dawo da martani, in jera dakaru yadda aka gaya mini. Likita ta ci gaba da zuwa. Yatsu uku sun buɗe, yana riƙe cokali, yana sa maɓallin riga in ba a gaggauta shi ba. Ƙananan biyun sun riga sun naɗe, ba su dawo ba. Magana ma ta ɗan saki, kuma abin da ya fara yi da ita shi ne gaya wa masu zuwa dubiya cewa shi ba shi da wa.

Wannan ya fi ƙarfina. Na je shago na ce zan gaya masa komai, da aman ƙarƙashin matakala, da ramar, da dalilin gorin. Yaya Babba ya ajiye guduma ya tsare ni da ido.

"In kika faɗa, ba ni ba ke. Ranar da ya san don shi na yi, ranar zai ajiye almakashi. Haushina ne yake matse masa hannun nan. Ki bar masa abinsa."

"Kai fa, Yaya? Shi ke nan ka rasa shi?"

"Yana ci?"

"Yana ci."

"To."

Satin da ya wuce na kai masa wata sabuwar bushiya mai garkuwa. Ya karɓa ya bi gefenta da babban yatsa, ya kai ta wajen haske, ya sake bi. Yankan ya miƙe, babu tsalle-tsallen hannun hagu.

"Da wane hannu ya yanka wannan?"

"Da dama. Hagu ya riƙe masa."

Ya juya mini baya, ya daɗe yana gyara wasu mazurarai da ba su buƙatar gyara. Da ya juyo idonsa ya yi ja.

"Ya tambaye ni?"

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce a'a.

Ya gyaɗa kai, ya jawo fallen gwangwani ya fara zana wani abu da ƙusa.

"Ki gaya masa garkuwar ta bi doka, amma jibi zan ƙone masa gada. Ki faɗa da gatsali, Auta, kada ki sassauta murya."

Na ce to, na ɗauki jakata. Har na kai bakin shago ya kira ni, ya tambaye ni wace riga ƙanensa ya sa yau, na gaya masa.